Koyar da Tarihin Mulkin Kama-Karya da Zane da Hoto: Amsa ga Wata Malamar Tarihi

Wata malama mai koyar da tarihi a babbar sakandare ta aiko da wannan tambaya: "Darasinmu ya kawo kan Turai tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, zamanin Hitila da Stalin. Yara sun haddace sunaye da shekaru tsaf, amma ban ga alamar abin ya shige su ba. An ba ni shawara in riƙa kawo musu zane-zane da hotunan zamanin. Ta ina zan fara? Kuma ba zan koma mai yaɗa farfagandar azzalumai da hannuna ba?"

Malama, shawarar da aka ba ki mai kyau ce, tsoron da kike ji ma yana kan hanya. Ni ma da na fara kawo hotuna aji, shekaru da yawa da suka wuce, na ɗauka aikin ya ƙare da na ga yara sun yi tsit sun zuba ido. Sai da na karɓi takardun jarrabawa na gane ɓarnar da na yi. Na nuna musu zanen wani bikin manoma a Tarayyar Sobiyet, tebur cike da abinci, kowa na fara'a, kusan rabin ajin suka rubuta mini cewa manoman Rasha sun ji daɗi a hannun Stalin. Laifina ne. Mu Hausawa mun taso da "gani ya kori ji", kuma wannan karin maganar ita ce jarin duk wani mai mulkin kama-karya. Ya san abin da ido ya gani wuyar ƙaryatawa gare shi, shi ya sa yake zuba kuɗi a kan masu zane da masu ɗaukar hoto.

Don haka abin da za ki fara dasa wa yaranki shi ne, hoto shaida ne da aka kawo gaban alƙali. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci don shaida ya iya magana. Sai ya binciki waye shi, wa ya kawo shi, me zai samu, sannan ya nemi shaida na biyu. Wa ya yi zanen nan? Wa ya biya kuɗinsa? A ina aka rataye shi, su wa aka so su gani? Me ya kamata a gani a ciki da ba a gani ba? Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran wuya, ita ce kuma mai riba. Wancan zanen bikin manoma, na Sergei Gerasimov ne, na 1937. Shekara huɗu kafin nan, a 1932 zuwa 1933, yunwar da tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka ta jawo ta kashe miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. Da na ajiye wannan bayanin kusa da zanen tun farko, da yaran sun ga abin da teburin abincin yake rufewa.

Idan lokaci ya yi miki ƙaranci, ki ɗauki shekara guda ki tsaya a kanta. Ni 1937 nake ɗauka, domin a cikinta abubuwa suka haɗu kamar an shirya wa malamin tarihi.

A wannan shekarar aka yi babban baje kolin duniya a Faris. Masu shiri suka ajiye rumfar Jamus da ta Tarayyar Sobiyet suna fuskantar juna, a bakin kogi, hasumiyar Eiffel na hango su. Ta Jamus, wadda Albert Speer ya tsara, doguwar hasumiya ce, gaggafa a samanta riƙe da tambarin 'yan Nazi. Ta Sobiyet kuwa an ɗora mata mutum-mutumin ƙarfe na Vera Mukhina, mai tsayin kusan mita 24: ma'aikacin masana'anta da mace manomiya sun ɗaga guduma da lauje sama, suna takawa gaba kamar za su haye kan Jamusawan. Hoto ɗaya na wannan fili ya ishe ki darasin minti arba'in. Kada ki gaya musu komai da farko. Ki ce su ƙirga mutanen da ke yawo a ƙasa, su gwada girmansu da na gine-ginen. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Malam, ai mutanen kamar tururuwa." Na ce to, wa ya so su ji kansu kamar tururuwa? Daga nan hira ta ɓarke, har suka gano da kansu cewa gwamnatoci biyu masu gaba da juna, masu aƙida daban, sun zo da gini iri ɗaya. Da ni na faɗa musu haka da sun rubuta sun manta.

Can gefe a wannan baje kolin akwai wata ƙaramar rumfa ta gwamnatin Sifaniya, wadda a lokacin take yaƙin basasa da sojojin Janar Franco. A bangonta aka kafa zanen Pablo Picasso mai suna Gernika. Gernika sunan wani gari ne na al'ummar Bask a arewacin Sifaniya. Ranar Litinin 26 ga Afrilu 1937, ranar kasuwar garin, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya masu taimaka wa Franco suka yi masa ruwan bama-bamai na sa'o'i. Ɓangaren Franco ya musanta, ya ce mutanen garin ne suka cinna wa garinsu wuta. Wani ɗan jarida, George Steer, ya isa wurin a daren, ya ga ɓaraguzan bama-bamai masu tambarin Jamus, ya aika wa jaridar Times ta Landan.

Zanen ƙato ne, faɗinsa ya kusa mita takwas, tsayinsa mita uku da rabi, kuma babu launi a ciki sai baƙi da fari da ruwan toka. Akwai mace ta ɗaga kai sama tana kururuwa, gawar jaririnta a hannu. Akwai doki da mashi ya huda, baki buɗe. Akwai sa tsaye, da wani mutum a ƙasa riƙe da karyayyen takobi, da wata mace da wuta ta rutsa a ɗaki, da wata ta miƙo fitila ta taga, a sama kuma ƙwan lantarki kamar ido. Da farko yara dariya suke yi, don fuskokin a karkace suke, wani ma ya ce ƙaninsa na firamare ya fi wannan iya zane. Ki bar su su yi dariyar, tana wucewa. Sannan ki tambaye su: ina jirgin? Ina bam? Ina sojan Jamus? Babu ko ɗaya. Picasso bai je Gernika ba, yana Faris, a jarida ya karanta. Wanda ya nemi sanin yadda aka kai harin ko mutum nawa suka mutu, zanen ba zai gaya masa ba. Adadin ma har gobe ana jayayya a kansa: gwamnatin Bask ta ce sama da 1,600, masu binciken baya kuma da yawa sun sauko da shi zuwa ɗaruruwa. Abin da zanen yake shaida a kai shi ne firgicin da mutanen Turai suka shiga da suka gane cewa yanzu ana iya hallaka gari daga sama, da mata da yara da dabbobi, ba tare da soja ya tako ƙafa ba. Na nace a nan ne saboda malamai sukan binciki hoton azzalumi, amma su karɓi na wanda aka zalunta ido rufe. Shi ma zanen Picasso gwamnati ce ta nemi a yi mata shi, don ta ja hankalin duniya gare ta a yaƙi. Hakan bai sa ya zama ƙarya ba, amma ya kamata ɗalibi ya sani.

Tafiyar zanen kanta tarihi ce. Picasso ya hana a kai shi Sifaniya muddin ba a dawo da 'yanci ba, ya yi shekaru a wani gidan adana zane a New York. Franco ya mutu a 1975, zanen ya isa Madrid a 1981, aka kafa shi bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa, da 'yan sanda a gefe. Ki tambayi yara me ya sa ake gadin zane da bindiga shekara shida bayan mutuwar mai mulkin.

Sai birnin Munik na Jamus, a watan Yuli na wannan shekarar dai. Ranar 18 Hitila ya buɗe babban nunin zanen da gwamnatinsa ta yarda da shi, a sabon gini mai manyan ginshiƙai: manoma ƙarfafa, uwaye da 'ya'ya, sojoji, duwatsu da dazuzzuka. Washegari, ranar 19, 'yan taku kaɗan daga nan, aka buɗe wani nunin da suka kira na "gurɓataccen zane". An kwaso ayyuka kusan 650 na masu zane 112 daga gidajen adana kayan tarihi na Jamus, aka cusa su a ƙananan ɗakuna, wasu a karkace, wasu ba firam, an rubuta zagi a bango, an manna kuɗin da aka sayo kowanne don talaka ya ji an yi wasa da harajinsa. Mutum fiye da miliyan biyu suka shiga, sun ninka masu zuwa nunin gwamnatin nesa ba kusa ba. Abin da nake so yara su lura da shi a nan shi ne, ba a ɓoye zanen ba, an nuna shi ne tare da koya wa mai kallo yadda zai ji. Nakan gwada musu da kaina. In ɗauki zane ɗaya, in ba rabin aji da rubutun yabo a ƙasansa, rabin kuma da rubutun zagi, ba su sani ba. In ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Idan aka karanta amsoshin a fili, kunya takan kama su, su yi ta kallon juna. Duk mai riƙe da waya a yau yana bukatar wannan kunyar sau ɗaya a rayuwarsa.

Kada kuma ki bari su fita da tunanin cewa duk wanda aka hana shi gwarzo ne. Mai zane Emil Nolde ya fi kowa shan ƙwace, an ɗebe ayyukansa sama da dubu, a 1941 aka hana shi sana'ar. Bayan yaƙi aka daɗe ana ɗaukarsa wanda aka zalunta. Alhali ɗan jam'iyyar Nazi ne, mai ƙin Yahudawa, wanda ya yi ta roƙon a karɓe shi. A 2019 Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta sa aka sauke zanensa daga bangon ofishinta. Yara ba sa son irin wannan labari, sun fi son a raba musu mutanen kirki da mugaye. To ai tarihi suka zo koya.

Game da Stalin, abin da ya fi saurin kama yara shi ne hotunan da aka goge mutane. Ki nemo hoton da aka ɗauka a bakin mashigin ruwan da ya haɗa Mosko da kogin Volga: Stalin na tafiya, a gefensa wani gajeren mutum, Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki. A hannunsa aka yi babban kamen 1937 da 1938, wanda takardun gwamnatin da kanta suka nuna an harbe mutum sama da 680,000. Shi ma aka harbe shi a 1940. A bugun hoton na baya, inda yake tsaye sai ruwa kawai. Ki ajiye hotunan biyu kusa da juna kamar wasan nemo bambanci. Babu kwamfuta a lokacin, da wuƙa da buroshi aka yi aikin. A ƙasar Sin ma an yi irinsa da zanen Dong Xiwen na 1953, wanda ya nuna Mao yana shelar kafa jamhuriya: aka sa mai zanen ya cire Gao Gang, wani jigon jam'iyya mai mulki, bayan ya faɗi, daga baya kuma aka sa ya cire wani jigon, Liu Shaoqi. Hoton da aka goge mutum a ciki ƙarya ne game da wanda ya tsaya a wurin, amma ba ki da shaidar da ta fi shi gaskiya game da irin gwamnatin. Wannan ita ce amsar tsoronki. Farfaganda tana aiki ne idan ta zo ita kaɗai, ta zo da ƙarfi, ba mai yi mata tambaya. Idan kin kawo ta aji tare da abokiyar gardamarta, kin riga kin zare mata dafi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a manna fastar 'yan Nazi a bangon aji a bar ta mako guda kamar ado. A kawo ta, a yi mata tambayoyi, a mayar da ita jaka.

Yaranki ma ba baƙi ba ne a wannan aiki, sun dai ɗauka ba karatu ba ne. Wanda ya taso yana jin makaɗan fada da mawaƙan siyasa ya san kirari ba rahoto ba ne, ya san maroƙi yana duban hannun mai kyauta, ya san zambo da habaici suna da wanda ake nufi ko da ba a kama suna ba. Ba wanda ya ji an kira sarki giwa ya tafi neman haure. Nakan fara da wannan, in ce to ku kalli zanen Stalin kamar kuna sauraron kirari, ku kalli yankan hotunan John Heartfield, wanda ya riƙa haɗa hotuna yana yi wa Hitila ba'a har ya gudu Prague a 1933, kamar kuna sauraron zambo. Nan take sukan kama.

Akwai kuma shaidun da ba gwamnati ta kira su ba. A Terezin, wani tsohon garin soja kusa da Prague da 'yan Nazi suka mayar sansanin tsare Yahudawa, wata mai zane, Friedl Dicker-Brandeis, ta riƙa koya wa yara zane a kan duk takardar da ta samu, har da tsofaffin fom-fom na ofis. Tana sa su rubuta sunansu a jiki. Kafin a tura ta sansanin kisa na Auschwitz a Oktoban 1944, inda aka kashe ta, ta cika akwati biyu da zanen sama da 4,000, suna nan a gidan tarihin Yahudawa na Prague. Yawancin yaran ba su rayu ba. A zanen akwai layin karɓar abinci da gadaje masu hawa-hawa, akwai kuma furanni da malam-buɗe-littafi da teburin cin abincin gida. A wannan sansanin ne aka kawo wakilan ƙungiyar Red Cross a Yunin 1944, bayan an yi fenti, an shuka furanni, an kwashe dubban mutane zuwa Auschwitz don kada a ga cunkoso. Wata guda bayan ziyarar aka kama wasu manyan masu zane na sansanin, su Bedrich Fritta da Leo Haas, saboda sun zana yadda wurin yake da gaske a ɓoye. Idan za ki kawo zanen yaran nan, ki kawo ɗaya ko biyu, ki karanta sunan yaron da shekarunsa, ki yi shiru kaɗan. Ban kuma yarda a watsa wa 'yan shekara sha biyar hotunan tarin gawawwaki don a girgiza su ba. Wasu su firgita, wasu su ƙeƙashe, ba wanda ya koyi komai.

'Yan mata sukan fi sakin jiki idan na kawo na ƙasar Chile. Bayan juyin mulkin Janar Pinochet a 11 ga Satumba 1973, matan da aka ɓatar da mazajensu da 'ya'yansu suka riƙa taruwa a ƙarƙashin inuwar cocin Katolika suna ɗinka ƙananan hotuna da ragowar ƙyalle a kan buhu. Za ki ga unguwa, da duwatsu a baya, da motar soja a ƙofar gida, da mata ɗaure da sarƙa a ƙofar ginin gwamnati riƙe da hoton wanda suke nema. Wasu da tsumman rigar wanda ya ɓace suka ɗinka shi. Ana fitar da su waje a sayar, kuɗin ya ciyar da gida, labarin kuma ya tsallake masu tace jarida, waɗanda da farko suka raina abin a kan ɗinkin mata ne. Duk yarinyar da ta taɓa riƙe allura takan gane yawan daren da aka kashe a kan ɗaya.

Biyu daga cikin matsalolin da za ki ci karo da su namu ne na gida. Wasu iyaye ba sa son hoton abu mai rai, wasu zanen Turawa kuma akwai tsiraici. Ki zaɓa da kyau tun a gida, akwai isassu da ba su da wannan, ki kuma sanar da shugaban makaranta cewa takardun shaida ne kike kawowa, kamar taswira. Kada ki tilasta wa yaro ya zana mutum. Ta biyun ta fi nauyi: wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai mu ma haka ake yi mana." Zai iya kawo zamanin soja, zai iya kawo na yanzu. Kada ki tsawata masa, kada kuma ki mayar da aji dandalin kamfe. Ki ce ya kawo hoton da yake nufi a yi masa tambayoyin nan guda huɗu, kamar yadda aka yi wa na Stalin da na Picasso, kuma ki nuna masa bambancin gwamnatin da ke cika titi da fasta da wadda ke harbe mai zane. Inda kuma kika san faɗin ra'ayi na iya jawo wa yaro ko iyayensa fitina, kada ki sa shi rubuta shi a takarda mai sunansa. Misalan nesa sun ishe shi koyon hanyar.

Batun kayan aiki kada ya hana ki. Majigi na da daɗi idan akwai wuta, amma ni yawancin shekaruna da bugun baƙi da fari na shagon kwafi na yi su, kuma Gernika da hoton Yezhov dama ba launi gare su ba. Ki buga kwafi goma, ki raba aji rukuni-rukuni, ki rubuta shekara da sunan mai zane a bayan takardar don kada su juya sai sun gama faɗin abin da idonsu ya gani. Girman zane kuwa takarda ba ta nuna shi, don haka ranar Gernika nakan fita da su waje da alli da igiyar awo, mu auna mita takwas a jikin bangon aji, su ja baya su tsaya su kalla.